Babban Kocin da Ba Shi Ne Babba Ba: Salisu Yusuf daga Zariya zuwa Bencin Super Eagles

A watan Yulin 2016 Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta fitar da wata sanarwa mai ɗauke da sunaye biyu. Na farko Bafaranshe ne, Paul Le Guen, wanda ya horar da Lyon, ya kuma kai Kamaru gasar cin kofin duniya ta 2010. Shi aka ce zai zama mashawarci kan dabarun wasa na Super Eagles. Na biyu Bazazzagi ne, Salisu Yusuf, aka naɗa shi babban koci. Wanda bai san yaren hukumar ba zai ɗauka babban koci shi ne mai gida, mashawarci kuwa nasa ba da shawara ne kawai. A ƙwallon Najeriya akasin haka ne. Mashawarci ke zaɓen 'yan wasa, shi ke tsara yadda za a tunkari abokan karawa, shi ke ɗaukar albashi mafi tsoka. Babban koci yana biye da shi ne a baya.

Le Guen bai zo ba. Sharuɗɗan da aka gindaya masa, ciki har da zama a Najeriya, ba su kwanta masa ba. Kujera ta zama ba kowa a kanta, ga kuma mutumin da 'yan makonni kafin nan ya jagoranci tawagar a wasannin sada zumunta biyu a Turai ya yi nasara a dukkansu: 1-0 a kan Mali, 3-1 a kan Luxembourg. Duk da haka hukumar ba ta miƙa masa ragama ba. Ta ci gaba da cigiya har ta samo Gernot Rohr, Bajamushe, a watan Agusta. Mai wuri ya zo, mai tabarma ya naɗe.

Wannan gajeren labari ya tattara kusan dukkan rayuwar aikin Salisu Yusuf. Mutum ne da ƙwallon Najeriya ta yi shekaru sama da goma ba ta iya tafiya ba tare da shi ba, amma ba ta taɓa sakankance masa da kujerar farko ba. Yawancin mutanen da ba su bibiyar gasar cikin gida sun san sunansa ne ta dalilin wani bidiyo na 'yan mintuna da aka nuna a 2018. Bidiyon yana da muhimmanci, kuma za a zo kansa. Sai dai ba a fahimtar abin da ya faru a wannan ɗaki ba tare da sanin hanyar da ta kai mutumin can ba.

Zamanin ƙungiyoyin ma'aikatu

An haife shi a Zariya a 1962, shekarar da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello. Ƙwallon da ya taso ya tarar a Arewa ta ma'aikatu ce da kamfanoni da 'yan kasuwa masu sha'awa. An fara gasar lig ta ƙasa a 1972, kuma Mighty Jets ta Jos ce ta ɗauki kofin farko. Raccah Rovers ta Kano ta ɗauka a 1978. A Kano akwai ƙungiyar hukumar ruwa, WRECA, da ta Bankin Arewa. A Kaduna masaƙar UNTL tana da tata, kamfanin ƙera makamai na gwamnatin tarayya, DIC, yana da DIC Bees. A wancan tsari ɗan wasa ma'aikaci ne: sunansa na cikin takardar albashin ma'aikatar da ya ke buga wa, kuma idan ƙafa ta gaza akwai fatan a bar shi a wani ofishi ko ɗakin ajiya. Ba arziki ba ne, amma rufin asiri ne.

Ga yaron da ya taso a arewacin ƙasar Zazzau, a Hunƙuyi ta Kudan, ko Maƙarfi, ko Ikara, inda Kaduna ke haɗa iyaka da Kano, hanya ɗaya ce tun wancan lokaci, kuma har yau ba ta sauya sosai ba. Ƙasa ce ta rake da mazarƙwaila da tumatir, ba ta manyan filayen wasa ba. Ana fara buga ƙwallo a filin makarantar firamare bayan la'asar, a shiga ƙungiyar unguwa, a buga gasar da wani mai hannu da shuni ko ɗan siyasa ya sa wa kofi. Wanda ya fi sa'o'insa sai ya nufi Zariya. Daga Zariya sai Kaduna ko Kano. A kowane mataki akwai mutum ɗaya da idonsa ne ƙofa: koci. Shi zai ce wannan ya tsaya, wancan ya koma gida. Yaron Ikara ba shi da wakili, ba shi da faifan bidiyon wasanninsa, ba shi da kawu a hukuma. Abin da ya ke da shi kawai shi ne zaton cewa idon kocin yana kallon ƙafa ne, ba aljihu ba. A riƙe wannan batu, domin shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Salisu ɗan wasan tsakiya ne. Ya buga wa Ranchers Bees ta Kaduna, wadda ita ce DIC Bees bayan ta koma hannun Alhaji Muktar Aruwa ta sauya suna, sannan ya buga wa El-Kanemi Warriors ta Maiduguri. Duka biyun ba ƙananan ƙungiyoyi ba ne a wancan zamani. Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 1983 da 1987. A 1988 ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun kofin ƙalubale ta Afirka, inda CA Bizertin ta Tunisiya ta doke ta. A 1989 ta ɗauki kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. El-Kanemi kuwa ta ɗauki kofin ƙalubale sau biyu a jere, a 1991 da 1992.

Akwai wani sa'ansa da ya dace a ajiye a gefensa. Stephen Keshi ma a 1962 aka haife shi. A 1985, bayan hukuma ta dakatar da shi da wasu abokan wasansa kan jinkirin zuwa sansanin tawagar ƙasa, Keshi ya tsallaka Abidjan, daga nan ya wuce Beljiyam a 1986, ya buga wa Lokeren, sannan Anderlecht. A wannan shekara ta 1986 ce gwamnatin Janar Babangida ta ƙaddamar da shirin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta fara zubewa, ma'aikatun da ke ciyar da ƙungiyoyi suka fara neman abin da za su ciyar da kansu. Hanyar da Keshi ya share sai ta zama babbar hanya. Daga Kaduna kaɗai, Daniel Amokachi ya bar Ranchers Bees zuwa Club Brugge a 1990 yana ɗan shekara 17. Tijjani Babangida ya tafi Roda JC ta Holan, daga baya Ajax. Garba Lawal ya bi ta Tunisiya ya isa Roda shi ma. Waɗannan duk ƙannen Salisu ne da shekara goma ko fiye. Lokacin da ƙofar Turai ta buɗe sosai, shi ya doshi talatin, kuma kasuwar Turai matasa ta ke saye.

Wannan bambanci ya bi su har benci. Wanda ya buga a Turai yana dawowa da abu uku: kuɗin da zai sa ya iya cewa a'a, sunan da 'yan jarida ke girmamawa, da idon da 'yan wasa masu buga wa manyan ƙungiyoyi ba sa rainawa. Wanda ya ƙare wasansa a gida yana fitowa da abu ɗaya: sanin gasar cikin gida ciki da bai. Sani ne mai amfani ƙwarai, amma na wanda ake nema ya taimaka ne, ba na wanda ake ba jagoranci ba.

Daga fili zuwa benci

A 1990 aka ƙaddamar da gasar ƙwararru a Najeriya. A shekarar ce aka haɗe WRECA da Golden Stars da ƙungiyar Bankin Arewa aka samar da Kano Pillars. Abin da ya faru a Kano shi ya faru kusan ko'ina: kamfanoni suka janye, gwamnatocin jihohi suka gaji ƙungiyoyin. Sunan ya zama na ƙwararru, amma mallaka ta koma gidan gwamnati. Shugaban ƙungiya naɗin gwamna ne, kuɗi na fitowa ne idan an sa hannu a takarda, albashi da kuɗin sa hannu a kwantiragi kan yi watanni ba su zo ba. Koci a wannan tsari yana da iyayen gida da yawa, kuma ba safai takardar kwantiraginsa ke kare shi ba. Sanannen abu ne a gasar a ba koci wa'adin wasa uku: ko ya ci, ko ya tattara. A irin wannan makaranta Salisu Yusuf ya koyi aiki.

Yana mataimaki a Lobi Stars ta Makurɗi lokacin da ta doke Sharks ta ɗauki kofin ƙalubale a 2003. Ya yi aiki a Dolphins ta Fatakwal. A 2008, shekarar da Kano Pillars ta lashe gasar lig karon farko a tarihinta, yana kan bencinta a matsayin babban koci, tare da Kadiri Ikhana, wanda ya riga ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2003. Sunan Ikhana ya fi fita, kuma ba mamaki. Amma daga nan ne aka fara lura da Bazazzagin nan mai ƙarancin hayaniya a bakin fili.

A ƙarshen 2010 aka naɗa Samson Siasia kocin Super Eagles, Salisu ya shiga cikin mataimakansa. Tafiyar ba ta yi nisa ba. Ranar 8 ga Oktoban 2011 Gini ta farke ƙwallo a mintunan ƙarshe a Abuja aka tashi 2-2, Najeriya ta rasa gurbi a gasar cin kofin Afirka ta 2012, aka sallami Siasia.

Abin da ya biyo baya shi ne mafi kyawun shaidar ƙwarewarsa, domin a nan ba ya ƙarƙashin inuwar kowa. Enyimba ta Aba, ƙungiyar da ta ɗauki kofin zakarun Afirka sau biyu a jere, 2003 da 2004, ta ba shi kujerar farko. Magoya bayan Aba ba a san su da haƙuri ba. A kakar 2013 ya kai ƙungiyar mataki na biyu a lig, bayan tsohuwar ƙungiyarsa Kano Pillars, ya kuma ɗauki kofin ƙalubale a Legas bayan an tashi 2-2 da Warri Wolves aka je bugun fenareti. Bahaushe daga Zariya yana jagorantar ƙungiyar da ita ce abin alfaharin jihar Abiya: a ƙasar da ake ƙirga ƙabilar kowa kafin a ba shi kujera, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma gasar cikin gida, duk da tarin aibobinta, ta sha yin abin da siyasa ta kasa a wannan fanni.

Daga Aba ya koma El-Kanemi, inda ya taɓa buga wasa. A watan Afrilun 2015 hukuma ta sabunta wa Keshi kwantiragi, ta ɗauko Salisu ya zama mataimakinsa. Sa'o'in nan biyu na 1962 suka haɗu a benci ɗaya, ɗaya shugaba, ɗaya mataimaki. A watan Yuli aka kori Keshi. Salisu ya zauna. Sunday Oliseh ya zo, ya ajiye aiki a watan Fabrairun 2016 yana ƙorafin rashin biyan albashi da saɓa yarjejeniya. Salisu ya zauna. Aka dawo da Siasia na wucin gadi domin wasanni biyu da Masar. Na farkon a Kaduna aka yi shi, ranar 25 ga Maris 2016, a filin wasa na Ahmadu Bello, ranar da jama'a suka ninka adadin da filin ke iya ɗauka, har wasu suka hau turakun fitilu da allon nuna sakamako. Oghenekaro Etebo ya ci, Mohamed Salah ya farke ana dab da tashi. Kwana huɗu bayan haka Masar ta ci 1-0 a Iskandariya. Najeriya ta sake rasa kofin Afirka. Siasia ya koma kan tawagar Olamfik. Salisu ya zauna.

A watan Yunin wannan shekara, cikin kwana uku, Keshi da Shuaibu Amodu suka rasu, dukkansu a birnin Benin. Su ne manyan kociyoyin gida na zamaninsu, kuma tarihinsu darasi ne ga duk wanda ke bayansu. Sau biyu Amodu yana kai Najeriya gasar cin kofin duniya, ta 2002 da ta 2010, sau biyu ana cire shi kafin a je. Keshi ya kai Togo ta 2006 aka cire shi kafin a je. Ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 2013, bai tsira daga kora ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan haka aka yi wa waɗannan, mutumin da bai taɓa buga wasa a Turai ba ya san iyakar abin da zai sa rai da shi. Wata guda bayan rasuwarsu aka fitar da sanarwar Le Guen.

Tawagar 'yan gida

A ƙarƙashin Rohr an raba aiki. Babbar tawaga, ta 'yan wasan da ke Turai, ta Rohr ce, Salisu na gefensa. Da ita aka doke Zambiya 1-0 a Uyo ranar 7 ga Oktoban 2017, Najeriya ta zama ƙasar Afirka ta farko da ta samu gurbin zuwa Rasha. Ƙaramar tawaga, ta masu buga gasar cikin gida, ta Salisu ce shi kaɗai. Ita ce ke zuwa gasar CHAN, wadda hukumar ƙwallon Afirka ta ƙirƙira domin 'yan wasan da ke bugawa a ƙasashensu.

Ga ɗan wasan gida, CHAN ba gasa ba ce kawai, kasuwa ce. A tawagar mutum 23 da Najeriya ta kai kofin duniya na 2018, ɗaya tak ne ke buga wa ƙungiyar gida, mai tsaron raga Ikechukwu Ezenwa na Enyimba. Ƙofar babbar tawaga a rufe ta ke. CHAN ce kaɗai wurin da ɗan wasan Pillars ko Plateau United zai sa rigar ƙasa a gaban masu farautar 'yan wasa daga Maroko, Masar, Tunisiya da Turai. Wasa huɗu ko biyar masu kyau na iya sauya rayuwar gida guda. Don haka sunan da ya shiga jerin yana da farashi a idon wakilai, kuma alƙalamin da ke rubuta jerin yana hannun mutum ɗaya.

Ta fuskar wasa, Salisu ya yi abin da ba a taɓa yi ba. Ya fitar da Jamhuriyar Benin a wasan share fage, bayan an ci shi 1-0 a Kwatano ya rama da 2-0 a Kano. A watan Satumban 2017 ya kai tawagar wasan ƙarshe na kofin Afirka ta Yamma a Ghana, inda mai masauki ta ci 4-1. A Maroko, a farkon 2018, ya yi canjaras da Ruwanda, ya doke Libiya da Ikwatoriyal Gini, ya fitar da Angola bayan ƙarin lokaci, ya doke Sudan 1-0. Karon farko ke nan da Najeriya ta kai wasan ƙarshe na CHAN; Keshi kansa na uku ya zo a 2014. Ranar 4 ga Fabrairu a Kasablanka, ba tare da Ezenwa ba saboda rauni, da kuma jan kati jim kaɗan bayan dawowa daga hutun rabin lokaci, Maroko ta zura huɗu ba ko ɗaya. An sha kashi, amma an dawo da lambar azurfa, kuma ba wanda ya isa ya ce na wani ne aikin.

Dala dubu ɗaya

A watan Yulin 2018, kwanaki bayan kammala gasar Rasha, sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC Africa Eye ya nuna wani bidiyo da ayarin ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas suka ɗauka a ɓoye. An ɗauke shi ne tun watan Satumban 2017, lokacin gasar Ghana. Mutanen Anas sun zo a matsayin wakilan 'yan wasa biyu, suka yi maganar zuwan 'yan wasan CHAN da kason da kocin zai samu idan an sayar da su, suka miƙa masa kuɗi, ya karɓa. Sun ce dala 1,000 ce. Shi ya ce dala 750 ce, kuma kyauta ce, ba ta da alaƙa da zaɓen kowa. 'Yan wasan biyu, Rabi'u Ali na Kano Pillars da Osas Okoro, dama suna cikin tawagar, kuma ba a zarge su da komai ba. Duk wanda ya san Pillars ya san Rabi'u Ali ba ya buƙatar a saya masa gurbi.

A watan Satumba kwamitin ladabtarwa na NFF, ƙarƙashin Malam Nuhu Ribadu, ya same shi da laifin karɓar kuɗin, ya dakatar da shi daga harkar ƙwallo na shekara ɗaya, ya ci shi tarar dala 5,000.

A nan ne ra'ayoyi suka rabu, kuma kowane ɓangare yana da abin da ya kama. Masu kare shi suna da hujja uku. Ta farko, tarko ne aka ɗana. Ba shi ya nema ba. Ta biyu, kuɗin bai sauya komai ba, domin waɗanda aka ambata sun cancanta. Ta uku ita ce ta al'ada: a ƙasar Hausa ba a mayar da hannun kyauta baya, baƙo kan zo da goro, babba kan yi wa na ƙasa alheri, kuma mayar da kyauta cin fuska ne.

Hujja ta uku ce ta fi jan hankali, ita ce kuma ta fi rauni. Hausa ba ta rasa kalmomi a wannan fage ba. Ta san kyauta, ta san tukuici, ta san gaisuwa, ta kuma san toshiyar baki, kuma ba ta taɓa ruɗa su ba. Abin da ke raba su ba yawan kuɗin ba ne, matsayin mai bayarwa ne da mai karɓa. Idan mai bayarwa yana da buƙata a hannun mai karɓa, kuma buƙatar ta shafi haƙƙin wasu, sunan abin ya sauya ko da an naɗe shi da sallama da murmushi. Al'adar da ta ce kada a mayar da hannun kyauta ita ce dai ta ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Malaman fiƙihu ma sun daɗe da yin magana a kan kyautar da ake kai wa alƙali ko ma'aikacin hukuma saboda kujerarsa.

Hujja ta biyu ma ba ta kai inda ake so ta kai ba. Gaskiya ne wannan kuɗin bai sayi gurbi ba. Amma wanda abin ya cutar ba ya cikin ɗakin. Shi ne yaron nan na Maƙarfi ko Ikara, da mahaifinsa da ke tunanin ko ya bar shi ya bi ƙwallo ko ya tsare shi a gonar rake. Dama ana raɗe-raɗin cewa sai da kuɗi ake shiga sansani, dama akwai 'yan damfara da ke karɓar kuɗin iyaye da sunan gwaji a ƙasar waje. Bidiyon ya ba raɗe-raɗin fuska, kuma fuskar ta mutumin da ya fi kowa kama da su ce, ɗan ƙasarsu da ya hau ta matakalar da su ma ke son hawa. Daga ranar, duk kocin unguwa da ya ce wa yaro ƙafarka ce za ta kai ka, sai ya ƙara da rantsuwa.

Amma adalci bai ƙare a nan ba. Binciken Anas ɗin nan ne ya kayar da shugaban hukumar ƙwallon Ghana, Kwesi Nyantakyi, wanda FIFA ta haramta wa ƙwallo har abada kafin kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara 15. Shi ne ya hana alƙalin wasan Kenya Aden Marwa zuwa Rasha. A 2019 FIFA ta yanke wa Siasia haramcin har abada kan wata magana ta daban da ta shafi wani dillalin cogen wasanni, daga baya aka mayar da shi shekara biyar. Idan aka jera su, na Salisu ne mafi ƙanƙanta a kuɗi da a nauyi. Kuma hukumar da ta hukunta shi ita ce wadda kociyoyinta suka sha kukan bashin albashi, daga Keshi zuwa Oliseh. Rohr ma sai da ya kai ƙara FIFA bayan sallamarsa, aka umarci a biya shi. Bature yana da lauya da kwantiragin da Zurich ke sauraro. Kocin gida yana da haƙuri, da sanin cewa wanda ya cika ƙorafi ba a sake kiransa. Wannan bai wanke hannun da ya karɓa ba. Yana dai nuna irin gonar da irin wannan ciyawa ke tsirowa a cikinta. Ya kamata kuma a tuna cewa aikin tona asirin ba wasa ba ne: a watan Janairun 2019 aka harbe Ahmed Hussein-Suale, ɗaya daga cikin ayarin Anas, a Accra.

Dakatarwar ta raba shi da tawagar 'yan ƙasa da shekara 23 da aka shirya zai nema wa gurbin Olamfik ta Tokyo. Imama Amapakabo ya karɓa. Wa'adi ya cika a watan Satumban 2019. Kafin shekarar ta ƙare, Rangers ta Inugu ta ɗauke shi. Rangers ba kamar sauran ƙungiyoyi ba ce: an kafa ta a 1970, da ƙarewar yaƙin basasa, kuma ga al'ummar Ibo ta fi ƙarfin ƙwallo. Ita ce kuma ta hana DIC Bees kofi a 1983. Lokacin da ya isa tana can ƙasan teburi, ya ɗago ta. Ƙungiyar da ke neman tsira ba ta tambayar abin da jaridu suka rubuta. Tana tambayar wa ya san gasar.

A watan Nuwamban 2021 NFF ta mayar da shi bencin Super Eagles. Aka yi ta ce-ce-ku-ce: wasu suka ce ya biya bashinsa, hukunci ba na har abada ba ne, wasu suka ce akwai kujerun da ba a komawa bayan irin wannan tabo, musamman kujerar zaɓen 'yan wasa. Hukumar ba ta tsaya dogon bayani ba. Wata guda bayan haka ta sallami Rohr, Austin Eguavoen ya riƙe tawagar zuwa kofin Afirka a Kamaru, Salisu na cikin mataimakansa. A watan Mayun 2022 aka kawo José Peseiro daga Fotugal, aka jera masa mataimaka: Finidi George, tsohon ɗan wasan Ajax, a gaba, Salisu Yusuf a bayansa. Siasia, Keshi, Oliseh, Rohr, Eguavoen, Peseiro: shugabanni shida cikin shekara goma sha biyu, mutum ɗaya a kujerar gefe.

An kuma mayar masa da tawagar 'yan gida, da alƙalamin rubuta jerin. Abokiyar karawar neman gurbin CHAN a wannan karo Ghana ce, ƙasar da aka ɗauki bidiyon. A Cape Coast, a ƙarshen Agustan 2022, Ghana ta ci 2-0. Mako guda bayan haka a Abuja yaran Salisu suka rama biyun, ta biyun a cikin mintunan da alƙalin wasa ya ƙara. Aka je bugun fenareti, Ghana ta wuce da 5-4.